Shin rigar mota mai soso tana kare mota daga ƙanƙara?

Tambaya: Ina zaune a Jos, kuma ba ni da gareji, a tsakar gida nake ajiye motata. A daminar bara ƙanƙara ta lotsa mini bonet da rufin motar. Na ga ana tallar rigar mota mai soso a ciki. Shin tana da amfani, ko asarar kuɗi ce?

Amsa: Malam, tana da amfani, amma amfanin nata yana da iyaka, kuma girman ƙanƙarar ne yake yanke wannan iyaka.

Ƙanƙara tana haɗuwa ne a cikin hadari mai tsawo, inda iska mai ƙarfi take cilla ɗigon ruwa sama zuwa wurin da sanyi yake daskarar da shi, ya yi ta ƙara kauri har nauyinsa ya fi ƙarfin iskar ya faɗo. Garuruwan da ke kan tudu, irin Jos da ke sama da mita 1,200 daga teku, sun fi ganinta, domin ba ta samun tazarar da za ta narke kafin ta iso ƙasa. Abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba shi ne, idan faɗin ƙwayar ya ninka sau biyu, nauyinta yana ninkawa sau takwas, gudunta ma ya ƙaru, har ƙarfin bugunta ya kai kusan ninki goma sha shida. Wadda ba ta wuce ƙwayar gyaɗa ba da wuya ta yi wa mota lahani. Daga kusan santimita 2.5 ake fara ganin lotsewa, idan kuwa ta kai girman ƙwan kaza, gilashi ma ba ya tsira. A ranar 12 ga Yuli, 1984, irin wannan ƙanƙara ta lalata motoci kusan 200,000 a birnin Munich na Jamus da kewayensa.

Aikin soson shi ne ya shanye bugun ya baza shi, maimakon ya taru a wuri ɗaya. Saboda haka riga mai kyau tana iya kare mota daga ƙanƙara ƙarama da matsakaiciya, wadda ita ce aka fi samu, amma babba sai dai ta rage ɓarna. Kada a ruɗe ka da tamfol mai laushi na kare ƙura da rana, domin wannan ba ya tare komai. Ka taɓa da hannunka ka ji kaurin soson, ka tabbatar ya rufe rufi da bonet da but da gilasai, musamman gilashin baya da na gefe, waɗanda suke wargajewa gaba ɗaya, saɓanin na gaba da yake tsagewa ya tsaya a wurinsa.

Abin da na fi damuwa da shi shi ne ɗauri. Ƙanƙara ba ta zuwa ita kaɗai, da iska take tafe, kuma rigar da ba a ɗaure ta ƙarƙashin mota ba, iskar farko za ta yaye ta kafin ƙwaya ɗaya ta faɗo. Ka nemi mai igiyoyi masu ƙarfi, wadda aka ɗinka daidai girman motarka. Ka kuma shimfiɗa ta tun hadari yana haɗowa, don fita cikin ƙanƙara da tsawa saboda mota kasada ce da rai. Sannan ka goge ƙurar jikin motar tukuna, ka kuma cire rigar ta bushe bayan ruwa, in ba haka ba yashi da laima za su ci fentin.

Idan hadari ya rutsa ka babu riga, bargo mai kauri ko tsohuwar katifa da aka ɗaure da kyau za su taimaka, tabarmar ƙafa ta cikin mota kuma a ɗora ta kan gilashi. Ka guji gindin bishiya, saboda reshe yana iya karyewa.

Da ni ne, tun da wurin ajiyar naka ɗaya ne kullum, da na tara kuɗi na kafa rumfar kwano mai ƙwari, na bar rigar don tafiya. Ka kuma duba takardar inshorarka, domin inshorar dole da yawancin masu mota suke yi ba ta biyan ɓarnar da ta sami motarka, sai cikakkiyar inshora, ita ma ka tambaya ko ta haɗa da ƙanƙara.