Abin da kyamara ba ta iya kwasowa daga dandamali

Ƙanina, ka tambaye ni dalilin da ya sa mu Hausawan Landan muke kwasar yara mu sayi tikiti mai tsada don kallon wasan daɓe mai waƙa, alhali an yi fim ɗinsa, kana kwance a ɗaki ma sai ka kalla a waya.

Ba kowa ke zuwa ba. Akwai dattawanmu da ba sa taka ƙafa wurin, kuma muna girmama ra'ayinsu. Mu da muke zuwa, wasan ranar Asabar da rana muke zaɓa, gida biyu ko uku a haɗu, a yi azahar kafin a shiga. Makarantun yara ne suka fara jawo mu, don sukan kai ɗalibai.

Na kai 'yar autata gidan wasan Lyceum, inda ake yin The Lion King tun 1999. Ana kashe fitila wata mata ta ɗaga murya, sai ga giwa ta biyo ta tsakanin kujeru, mutane ne a cikin ƙafafunta suna tafiya da ita. Yarinyar ta damƙe mini hannu har farcenta ya shata. Tana ganin mutanen ƙuru-ƙuru, amma ta yarda giwa ce. To wannan yardar ita ce jarin dandamali, ita ce kuma take wuyar ɗauka a kai majigi.

Dubi Cats. Shekara da shekaru ana kallon mutane cikin kayan kyanwa a dandamali ba wanda ya damu. Da aka yi fim ɗinsa a 2019 aka shafa musu gashi da kwamfuta, sai ido ya ƙi karɓa, fim ɗin ya faɗi warwas.

Amma ban ce fim ba shi da nasa ba. Les Misérables, wanda ake yi a nan tun 1985, ya koma fim a 2012, kuma daraktan fim ɗin, Tom Hooper, ya sa 'yan wasa su rera waƙa kai tsaye a gaban kyamara. Ka san yadda ake yi a Kannywood, a ɗauki waƙa a sutudiyo, jarumi ya bi da baki. A nan ba haka aka yi ba: ɗan abin ji aka saka musu a kunne, mai fiyano yana bin numfashinsu. Da jaruma Anne Hathaway ta rera tata, kyamara ta tsaya cak a fuskarta, kana ganin leɓenta yana rawa, murya tana sarƙewa. Wanda ke kujerar baya a gidan wasa ba zai taɓa ganin wannan ba. Sai dai da aka zo waƙoƙin taro, inda mutum talatin ke haɗa murya har ka ji ƙirjinka yana amsawa, na ji fim ɗin ya rage mini. Kyamara ce ke zaɓa maka wanda za ka kalla, alhali a dandamali idonka naka ne.

Idan kana son ɗanɗano daga can Kano, nemi wasan Hamilton. Ba su mai da shi fim ba, wasan suka ɗauka a kan dandamalinsa na New York a 2016, aka sake shi a manhajar kallon fina-finai ta Disney+ a 2020, har da tafin 'yan kallo. Ka kunna shi a talabijin, ka kashe fitila, ka kira su Umma su zauna tare da kai.