Me ya sa masu saye ba sa dawowa?

Ɗan'uwa, ka ce kana haɗa man shafawa na ciwon gaɓoɓi, mutane suna saye sau ɗaya ba sa dawowa, kana tambaya ko ka ƙara kuɗin talla. A'a, tukuna dai. Talla tana kawo mutum ne karo na farko, amma abin da ke dawo da shi shi ne ya tarar kwalba ta biyu ta yi masa aiki daidai da ta farko. Ka daina kimanta haɗi da ido. Ka auna komai a sikeli, ka rubuta ma'aunin, sannan kowace kwalba ta ɗauki sunan abin da ke cikinta, da yadda ake amfani da shi, da ranar da zai daina aiki.

Abin da na ga ya fi ɓata wannan sana'a shi ne kayan haɗin kansu. Ganye iri ɗaya ƙarfinsa yana bambanta gwargwadon lokacin da aka tsinko shi da yadda aka shanya shi: wanda ya sha zafin rana ƙamshinsa kan gudu, wanda ya ji danshi kuma ya yi funfuna. Shi ya sa ma Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa'idojin noma da tattara tsirran magani a 2003. Ka nemi amintaccen mai kawo maka kaya ka tsaya a kansa, kuma duk haɗin da launinsa ko ƙamshinsa ya sauya, kada ka fitar da shi kasuwa, ko da za ka yi asara.