Amsa: Hajiya ta ƙi barin gidanta, ina zan samo mata taimako?

Ɗan'uwa, Allah ya saka maka da alheri. Ka ce Hajiya ta haura 75, tana fama da hawan jini, kuma ta ƙi barin ɗakinta a Kano ta koma wurinka. Kada ka matsa mata. Tsohuwa in aka raba ta da maƙwabtanta da islamiyyarta, sau da yawa jiki ya fi saurin lalacewa.

Fara da asibitin sha-ka-tafi na mazaɓarku, ka tambayi yadda ake rajista a shirin kula da lafiya na BHCPF (asusun gwamnatin tarayya na kula da lafiya a matakin farko) ta hannun KSCHMA, wato hukumar taimakekeniyar lafiya ta Jihar Kano, domin tsofaffi na cikin masu rauni da aka tanada wa. Dokar inshorar lafiya ta 2022 ma ta ambace su. Sai dai takarda daban, aiki daban, ka shirya zarya.

Abin da ya fi yi mana amfani lokacin kakata shi ne wata ma'aikaciyar lafiya 'yar unguwa da ke zuwa duk Juma'a tana auna mata jini, muna ba ta ɗan na mota. Sai ɗiyar maƙwabta da ke kwana da ita. Ka kuma sanar da mai unguwa da liman, su san Hajiya tana ita kaɗai.