Amsa ga mai tambayar awa nawa ne daga Yamai zuwa Jidda

Ƴar'uwa, da na ga tambayarki sai da gabana ya faɗi. Kin ce mai ajans, wato mai sayar da tikitin jirgi, ya gaya muku awa biyar ne kawai Hajiyarku za ta yi zuwa Jidda, kina son ki tabbatar. Mu ma haka aka ce mana bara da na raka Inna umra.

Idan jirgi ya miƙe kai tsaye, tsakanin filin Diori Hamani da na Sarki Abdul'aziz kusan kilomita 4,000 ne, awa biyar da rabi zuwa shida. Tun da yaƙin Sudan ya ɓarke a 2023 jirage da yawa kewayewa suke yi, sai ya ɗan ƙaru. Amma ki tambaye shi, kai tsaye ne ko da eskal, wato yada zango a wata ƙasa? Nan aka cuce mu.

Namu mai ajans ɗin, Allah ya isa tsakanina da shi, ya dube ni ido cikin ido a ofishinsa ya ce "Hajiya, kafin ki gama gyangyaɗi kun sauka." Ashe ta Adis Ababa zai bi da mu. Awa shida muka yi a sama, sannan muka zauna awa tara a kan kujerun ƙarfe. Garin bisa tsauni yake, sanyi kamar tsakiyar hunturu, Inna da ɗan mayafinta mai shara-shara. Maganin sukarinta kuwa yana cikin babbar jakar da aka auna tun Yamai. Wajen ƙarfe uku na dare hannunta ya fara rawa, leɓenta ya bushe, ni ba Ingilishi ba, Faransancina kuma ba mai ji. Wata baiwar Allah ƴar Kano ce ta ba mu dabino da bargo. Na kira mai ajans ɗin ya fi sau goma, bai ɗauka ba. Da muka dawo wai "ai a rubuce yake a tikiti". Har yau in na wuce ƙofar shagonsa kau da kai nake yi.

Magani a jakar hannu, don Allah. Da rigar sanyi da safa.

Ki lura kuma, Saudiyya ta riga mu da awa biyu, lokacin sauka da ke kan tikiti agogonsu ne. Haramin umra ma tun kafin ku hau jirgin Jidda za ku shirya, a sama ake ƙetare mikati.

In daga Damagaram za ku taso kamar mu, kada ki manta da hanyar Damagaram zuwa Yamai, kusan kilomita 900, ta Maraɗi da Ƙonni da Doso. Mu da asuba muka tashi, sai bayan isha muka shiga, ƙafafun Inna sun kumbura takalmi ya ƙi shiga. Ku tafi da kwana biyu a hannu ta huta. Hajiyar taku tana iya doguwar tafiya a ƙasa? In ba ta iyawa ki nemi keken guragu tun wajen yankan tikiti, mu sai a Jidda muka san ana bayarwa.