Kafin ka ci bashin jika 500, sayi kaye

Wani ɗan kasuwa daga babbar kasuwar Maradi ya aiko da tambaya: "Ina sayar da butocin lantarki, risho da tukunyar dafa shinkafa, daga Kano nake sarowa. Buta takan zauna mini a jika 4, in sayar jika 5. Da yawa ana dawo da su wai sun daina zafi, sai in musanya wa mai ita, lalatacciyar in ba ɗan yayata ya gyara a bayan shago. Yanzu ya ce in ci bashin jika 500 mu buɗe wurin gyara, za mu riƙa samun jika 20 kullum. Me ka gani?"

Alhaji, Allah ya ƙara buɗi. Kada ka ci bashin nan, aƙalla ba yanzu ba.

Buta nawa aka dawo maka da ita watan jiya? Me ya mutu a cikinsu? Nawa yaron ya gyara, ina kuɗinsu? Da kana da amsa da ka rubuto, kuma nan ciwonka yake: kaya suna fita ta ƙofar gaba da lissafi, suna komawa bayan shago babu rubutu ko layi ɗaya. Ribarka jika 1 ce a buta. Duk wadda ka musanya ta ɓace a bayan shago ta cinye ribar huɗu da ka sha rana ka sayar.

Ban ce yaron yana cutarka ba, Allah ya kiyaye ni da zato. Amma ka ɗora masa amanar da ba ka da hanyar dubawa, kuma ranar da zargi ya shigo, da yayarka za ka ɓata. Na san wani mai shago da ya bar wa ƙanensa irin wannan aiki. Yaron yana da hannu, sai dai in fizibil, ɗan abin da yake yanke wuta don kariya, ya ƙone, gada yake yi masa da guntun waya, abu ya kama aiki nan take, kowa na yaba masa. Wata tukunyar shinkafa da ya yi wa haka ta yi ta zafi har robar gindinta ta narke a ɗakin wata amarya, Allah ya taƙaita. Da aka zo shago da rigima, mai shagon bai ma iya cewa ta bi ta hannun ƙanensa ko sabuwa ce daga kwali ba. Ya biya, sunan shagon kuma ya ɓaci a unguwar.

Abin da za a rubuta ba shi da yawa, domin wuraren da kayan nan suke mutuwa sanannu ne. Waya takan karye daga ciki kusa da fulogi. A buta, mahaɗin da take zama a kai yakan yi baƙi ko ya saki, makunni kuma yakan gaji. A tukunyar shinkafa akwai ɗan fizibil na zafi da yake yankewa in zafi ya wuce kima. Duk waɗannan gyaran arha ne, muddin an sa sabon fizibil daidai da lambar da ke jikin tsohon. Sai rezistans, ƙarfen da yake ɗaukar zafin. A zare fulogi, a ɗora mita, 'yar na'urar da masu gyara suke awon lantarki da ita, a ƙafafun rezistans ɗin biyu: butar wat 2000 ya kamata ta nuna kusan om 24 (om shi ne ma'aunin rezistans), mai wat 1500 kusan 32, rishon wat 1000 kusan 48. In mita ba ta motsa ba, ya tsinke. A butocin arha a manne yake ƙarƙashin farantin gindi, ba ya ciruwa, sai dai a kwashe waya da makunni a ajiye don wata.

Wasu kuma lafiyarsu ƙalau. Wutar NIGELEC, kamfanin lantarki na Nijar, volt 220 ce a ƙa'ida, amma ka san yadda take raguwa da zafin bazara. In ta sauka 180, zafin buta yana raguwa da kashi ɗaya cikin uku, sai uwargida ta ga ruwa ya ƙi tafasa ta aiko yaro. Wata kuma farin ɓawo ne na ruwa ya lulluɓe gindin, ruwan lemon tsami kaɗai take buƙata. Wata an kunna ta babu ruwa, gindin ya yi shuɗi-shuɗi da ƙuna, wannan laifin mai ita ne. Kai duk musanyawa kake yi don kunyar ciniki. Zuba ruwa ka jona ta a gaban mai ita kafin ka taɓa sabon kwali.

Batun jika 20 kullum kuwa, yi lissafin da kanka. Wanda zai samu sabuwa a jika 5 ba zai ba ka fiye da jika 1 na gyara ba. Buta ashirin ke nan kowace rana, har da ranakun da babu wuta, kafin a cire kayan gyara, haya da bashi. Ina za su fito? Irin wannan lissafin na bakin shayi ya tsiyata mutane da yawa, kuma raina yana ɓaci in ji ana yi wa mai gumin kansa shi.

Sayi kaye, wato littafin rubutu, da mita ɗaya. Kowane abu da ya dawo a liƙa masa lamba a gindi, a rubuta ranar saye, ranar dawowa, samfurinsa, abin da mita ta nuna, abin da aka sa masa, da inda ya ƙare. Yanka wa yaron ladansa a kan kowane gyara da ya shiga kaye, wanda bai shiga ba babu lada. Ka gaya masa a gaban mahaifiyarsa cewa babu gada a fizibil, ko da mai kaya ya roƙa.

Bayan wata uku ka ƙirga. In samfuri ɗaya ne rezistans ɗinsa yake yawan tsinkewa, ɗauki kayen zuwa Kano ka nuna wa dilan, ko ya rage maka ko ka daina ɗaukar samfurin. In kuma mutanen da ba a wurinka suka saya ba sun fara kawo gyara har tebur ɗaya ya kasa, rubuto mini da adadin, mu duba ko ribar shagon za ta iya ɗaukar tebur na biyu ba tare da bashi ba.