Tambayi Likita: Gashin haske da maganin matsi suna kashe HPV?

Tambaya: Assalamu alaikum likita. Shekarata 34, haihuwata huɗu. Na daɗe ina fama da zubar ruwa, wani lokaci har da ɗan jini bayan kwanciya. Na yi gwaji aka ce ina da HPV, kuma bakin mahaifata ya kumbura. A wani asibitin kuɗi an ce za a yi min gashi da jan haske tare da maganin matsi. Yana warkarwa kuwa? (Uwargida, Gyaɗi-Gyaɗi)

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya ƙara lafiya. Abu biyu aka haɗa miki wuri guda, kumburin bakin mahaifa da kuma HPV, wato ƙwayar cutar bairas da ake ɗauka ta wajen kwanciya, kuma kowanne da hanyarsa.

Kumburi mai zubar da ruwa ba kasafai HPV ke kawo shi ba, ita shiru take zama. Masu kawo shi ƙwayoyin ciwon sanyi ne irin su kilamidiya, gonoriya da tirikomonas. Sai a ɗebi ruwan da tsinken auduga a kai awo. Abin da aka saba bayarwa shi ne doxycycline 100mg safe da yamma na kwana 7, allurar ceftriaxone guda ɗaya, a ƙara da metronidazole idan awon ya nuna. Mai ciki ba ta shan doxycycline, azithromycin ake ba ta. Kuma dole maigida ya sha, haka ma abokiyar zama idan akwai, a kuma dakata da kwanciya sai kowa ya gama. A nan aka fi samun matsala: mace ta shanye maganinta tsaf, bayan wata guda ruwan ya dawo, ta ce magani bai yi ba, alhali sabon kamu ne.

Ita kuwa HPV, babu ƙwaya ko matsi da ke kashe ta. A cikin mata goma, kusan tara jikinsu ne ke kore ta da kansa cikin shekara biyu. Wadda ta ƙi tafiya ita ce abin tsoro, musamman nau'i na 16 da na 18, masu jawo kusan kashi 70 cikin ɗari na sankarar bakin mahaifa.

Maganin haske na gaskiya akwai shi, a ƙasar Sin aka fi amfani da shi. Ana jiƙa auduga da wani sinadari mai suna ALA a manna a bakin mahaifa, a bar shi awa uku zuwa huɗu. Naman da ya fara lalacewa ya fi tara sinadarin, sannan a haska jan haske na musamman na kimanin minti 20 zuwa 30, hasken ya tayar da sinadarin ya kashe wannan naman. Akan maimaita sau uku ko fiye. Amfaninsa, ba ya yanke bakin mahaifa, abin da ke da muhimmanci ga mai son ƙarin haihuwa. Amma ba ya cikin hanyoyin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a bi. Fitilar da ake kunnawa ba tare da wannan sinadarin ba kuwa ɗumi ne kawai. Tana iya rage zogi, ba ta taɓa HPV. Ki tambaye su sunan abin da za su shafa da kuma awa nawa zai yi kafin a haska. Idan suka fara kame-kame, riƙe kuɗinki.

Abin da ya fi damuna a wasiƙarki shi ne jinin nan, bai kamata a gasa wurin da ba a tantance ba. Ki je sashen mata na Asibitin Malam Aminu Kano ko Asibitin Murtala a duba ki. Za a buɗa da ƙarfen dubawa, a shafa ruwan binega mai ƙarfin kashi 3 zuwa 5, a jira minti ɗaya. Wurin da ya lalace fari yake komawa. Idan ƙarami ne kuma ana ganinsa duka, a kan ɗora masa kan na'ura mai zafin digiri 100 na daƙiƙa 20 zuwa 30, ko a daskarar da shi da iskar gas. Idan babba ne ko ya shige ciki, sai a yanke shi da zoben waya mai lantarki a kai awo. Idan ya yi kama da sankara, ba a ƙonawa sam, ɗan nama ake ɗauka tukuna.

Bayan aikin za ki ga ruwa yana zuba har kusan wata guda, wannan ba komai. A wannan watan babu kwanciya, babu matsi, balle na alimun ko bagaruwa da ke ƙona wurin. Zazzaɓi, ruwa mai wari ko jinin da ya wuce na al'ada, koma asibiti a ranar. Bayan shekara guda a sake gwajin HPV.

Idan kina da 'ya'ya mata 'yan shekara 9 zuwa 14, kai su rigakafi. Tun Oktoban 2023 aka fara bayarwa kyauta a Kano, allura ɗaya ce. Tana hana kamuwa, amma ba ta warkar da wadda ta riga ta shiga jiki.