Tambaya da Amsa: Yaushe Ya Fi Dacewa a Je Kallon Tsuntsaye a Bakin Teku?

Tambaya: Malam, ina karatu a wani birni na ƙasashen arewa da ke bakin teku. Hunturu ya fara ja da baya, kuma sau biyu ina zuwa mashigin teku da filin ciyawar da ke gefensa, amma ban ga komai ba sai ɗigo-ɗigo can nesa a kan laka. Shin madubin hangen nesa ne ba ni da mai kyau?

Amsa: 'Yar'uwa, ina ganin laifin ba na madubi ba ne, na lokaci ne. Teku yana cikowa sau biyu a dare da yini, tsakanin cikowa da cikowa kusan awa 12 da minti 25, saboda haka lokacin yana matsawa da kusan minti 50 kowace rana. Idan ruwa ya janye, tsuntsayen da ke kiwo a cikin laka suna bin bakinsa har su yi nisan da ido ba ya kaiwa, wato ɗigo-ɗigon da kika gani. Ki duba jadawalin cikowar teku na wurin, ki isa awa biyu kafin ruwa ya cika, ki zauna rana tana bayanki, ki bar ruwan ya koro miki su sannu a hankali. A kwanakin tsayuwar wata da cikarsa ruwan ya fi hawa, tsuntsayen kuma sun fi matsowa. Madubi mai lamba 8x42, wato mai ƙara girman abu sau 8, ya wadatar.

Idan sun matso, ki lura da bakinsu kafin launinsu, domin a watan Maris da yawansu suna cikin gashin hunturu mai ruwan toka, kusan duk kamarsu ɗaya. Mai dogon baki lanƙwasasshe yana soka shi can cikin laka ya zaro tsutsa, mai gajeren baki kuwa sai ya ruga, ya tsaya cak, ya tsinci abu a sama, ya sake rugawa. Wasunsu a gaɓar Afirka ta Yamma suka yi hunturu. Banc d'Arguin na Muritaniya kaɗai yana karɓar kusan miliyan 2, kuma Tekun Wadden da ke gefen Holan, Jamus da Denmak yana cikin manyan zangonsu a hanyar komawa arewa.

Filin ciyawa kuwa sammako yake so, kuma kunne ya fi ido aiki a can. A Turai akwai wani ɗan tsuntsu mai ruwan ƙasa da ke tashi tsaye sama yana rera waƙa na mintuna ba tare da yankewa ba, har sai ya zama ɗigo a sararin sama. Wani lokaci da yamma ana ganin mujiya mai gajerun kunnuwa tana shawagi ƙasa-ƙasa tana neman ɓera tun rana ba ta faɗi ba. Tsattsewa kuwa sai wajen Afrilu take dawowa.

Abin da nake ja miki kunne a kai shi ne, kada zumuɗi ya sa ki matsa har garken ya tashi. Waɗannan tsuntsaye kitse suke tarawa don tafiyar dubban kilomita, kuma duk tashin da aka tilasta musu guzurinsu ne ke raguwa. Haka nan ki tsaya a kan turba, domin masu sheƙa a ƙasa sun fara kama wuri cikin ciyawa, ƙwayayensu kuma ba sa ganuwa sai an taka. Ki sa rigar sanyi mai kauri, iskar teku ba ta san hunturu ya wuce ba.